Shagon Yaya a Jikin Katanga

Mai Fenti ba ya ɗora burushi a bango sai ya fara shafa bangon da tafin hannunsa. Zai ajiye gwangwani a ƙasa, ya matso, ya ɗora hannu, ya yi shiru kamar mai duba zazzaɓi a goshin yaro. In ya ji sanyi-sanyi sai ya ce bangon bai bushe ba, a bari tukuna, ko da kuwa mai aikin yana tsaye yana ƙorafi. Haka na san shi tun gashinmu yana baƙi, ni a shagona na gyaran agogo, shi a ɗan lungun da ke kallon ƙofata, inda yake jingine alluna da tsaninsa.

Rubutun alluna da zane ne sana'arsa. Duk allon da ke layinmu hannunsa ne, daga kawunan da ke ƙofar mai aski har takalmin da ke saman rumfar mai gyaran takalma. Ba shi da yawan magana, ga saurin jin kunya. In aka yaba aikinsa sai ya sunkuya ya hau wanke burushi a kananzir, ko da burushin a wanke yake. Shi ne auta a gidansu, kuma yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Saboda shi ne duk layin muke kiran ta Yaya. Tana da shago a bakin layi, tana sayar da zare da maɓallai da zif da allurai, mijinta tela yana ɗinki daga ciki.

Sai annoba ta zo. Ba sai na tsawaita ba, kowa ya ga nasa. Aka kulle gari, ƙofofinmu suka zauna a garƙame. Mai Fenti yana cikin 'yan tsirarun da aikinsu bai tsaya ba. Shi ya zana da'irori a ƙasa gaban banki da asibiti don mutane su tsaya nesa da juna, shi ya rubuta “A wanke hannu” a jikin ganguna. Wannan ma kunya yake ba shi. Ya taɓa ce min ta bayan takunkumi, “Mai Agogo, kowa na kuka, ni kuma sai aiki ake kawo min.”

Cikin waɗanda annobar ta tafi da su har da tela, mijin Yaya. Da aka buɗe gari ta dawo shago, ta lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ta zauna a bayan kantar shagon. Tana amsa gaisuwa, tana miƙo abin da aka tambaya. Amma dariyarta, wadda a da ake jiyowa daga ƙarshen layi, ba ta dawo tare da ita ba.

Layin ma bai dawo ba. Wasu sun koma ƙauye, wasu sun sayar da kayan aiki sun ci. Waɗanda suka rage sai a wuni ana kallon juna.

A cikin wannan hali ne aka kira mu taro a ɗakin taron makaranta. Hukumar tsare-tsaren yankin ce ta turo jami'inta, wani matashi siriri mai ladabi, kullum da naɗaɗɗiyar takarda a hammata. Kafin a tashi taron har an laƙaba masa Mai Taswira. Ya ce hukuma ta fito da shirin farfaɗo da sana'o'i, kuma a filin tsohon garejin motocin haya da ke ƙarshen layinmu za a gina cibiyar masu sana'a: ƙananan shaguna a jere, ga wuta, ga ruwa, ga haya mai sauƙi.

Mai Walda, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a gaban wa, ya ɗaga hannu. “Ranka ya daɗe, shi ginin nan a takarda zai yi zamansa, ko zai sauko ƙasa ya gaishe mu?”

Aka yi dariya, har da matashin. Wataƙila wannan tambaya ce ta sa ya yanke shawarar a zana hoton ginin babba a jikin katangar filin, don kowa ya riƙa gani. Ya nemo Mai Fenti, ya warware masa takardar a kan bencina. Ga gini nan fes, ga bishiyoyi, ga kuma wasu siffofi masu launin toka suna tsaitsaye a ƙofofi.

Mai Fenti ya ɗora yatsa a kan ɗaya. “Waɗannan fa?”

“Mutane ne, Baba. An sa su ne kawai don a gane girman ginin.”

“Mutane ba fuska?”

“Ka yi yadda ka ga ya dace, Baba. Kai ne mai aikin.”

Ginin bai ba shi wahala ba. Ya ja layukansa da alli, ya tayar da rufi da ginshiƙai, ya jera ƙofofi. Da ya zo kan mutanen ne ya tsaya. Shi bai taɓa ƙirƙiro fuska daga kansa ba, abin da idonsa ya gani yake zanawa. Ranar kuwa Mai Walda ya zo ya zauna a kan bulo yana tsokanar sa.

“Injiniya, an gama? Yaushe za a ba mu makulli?”

Mai Fenti ya ci gaba da aikinsa. Yana ɗan waiwayo yana zane, yana waiwayo yana zane. Can Mai Walda ya ɗago kai sai ya ga kansa a ƙofar wani shago, da tumbinsa, da baƙin gilashinsa a goshi.

“La ilaha! Wannan tumbin duk nawa ne? Kai, ka ji tsoron Allah!”

Ihunsa ya tara mutane. Mai aski ya ce sai an sa shi, aka sa shi da almakashi a hannu. Aka sa mai gyaran takalma a kan 'yar kujerarsa. Ni ma aka leƙo da ni ta wata taga. An daɗe ba a yi raha irin ta ranar a layinmu ba.

Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma kafin mako ya zagayo maganar ta zama wata iri. Mutane suna ganin Mai Fenti yana duba takardar ofis yana zane. Katangar kuma ta hukuma ce, kuma a tunaninmu ba a sa mutum a katangar hukuma sai da sanin hukuma. Sai aka fara cewa duk wanda ya ga kansa a ƙofa, shagon nasa ne. Ni ma na ɗauka hakan ne, sai dai ni shagona gadon mahaifina ne, ba ni da inda za ni. Mai gyaran takalma kuwa, wanda kullum ruwan sama ke kora daga rumfarsa, ya zo ya tsaya gaban hotonsa ya ɗaga hannu yana hamdala, hawaye na bin gemunsa. Mai Fenti yana saman tsani yana kallon sa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya ci gaba da gyara wani ganye.

Daga nan aka fara bin sa. Wannan ya tare shi a hanya, “Ni fa ban ga kaina ba.” Wancan ya gyara masa keke ya ce a bar kuɗin. Shi kuma bai iya cewa a'a ba, sai ya ƙara mutum. Da ƙofofi suka ƙare ya fara sa mutum biyu a ƙofa ɗaya, suka kuwa hau gardamar wa zai zauna ta ɓangaren taga.

Abin da zan faɗa yanzu sai daga baya Mai Fenti ya gaya min. Wata rana Mai Taswira ya biyo dubawa, ya ga katanga cike da fuskoki, ya ji daɗi, ya ɗauki hoto da wayarsa. Mai Fenti ya sauko ya ja shi gefe.

“Ɗana, mutanen nan da na zana, su za a ba?”

“A'a, Baba, ni ba na rabawa. Akwai kwamiti, sai an gama gini za su zauna. Ko ni ban san wa zai samu ba. Amma zanen ya yi kyau, ka ga yadda ya faranta wa mutane.”

Ya hau motarsa ya tafi. Daga ranar Mai Fenti ya san abin da sauranmu ba mu sani ba. Ya ce min ya yi niyyar faɗa da safe, da safiya ta yi ya ce sai da yamma.

Akwai ƙofa ɗaya da ya hana kowa, ta kusa da babbar mashiga, inda duk mai shiga sai ya wuce. Ita ya bari har ƙarshe. Ya zana rumfa shuɗiya, da kantar shago, da jerin zare launi-launi a bayanta, sannan ya zana Yaya a tsaye, tabarau a saman goshi, igiyar awo a wuya. Ya daɗe a kanta fiye da kowa.

Matan layi ne suka janyo ta ta zo ta gani. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Auta, sauko.”

Ya sauko.

“Wannan ni ce?”

“Ke ce, Yaya.”

“Wa ya ce maka hancina haka yake? Ni na goya ka, amma hancin da za ka saka min da shi ke nan?”

Sai ta tuntsire da dariya. Ina shagona na jiyo ta. Na ajiye abin da ke hannuna na fito ƙofa, na ga ba ni kaɗai na fito ba.

Ba a jima ba mai ginin da take haya ya same ta. Mutumin kirki ne. Ya ce wani yana so ya haɗe shagonta da na kusa ya buɗe kemis, amma in tana so ta ci gaba da zama ba zai tashe ta ba, ta dai faɗa masa gaskiyar niyyarta, don ya ji ana cewa an ba ta wuri a sabon gini. Ta ce ya bari ta tambayi ƙanenta.

Ta same shi a lungunsa yana goge hannu da tsumma. Ƙofata a buɗe take, ina ji.

“Auta, tsakaninka da Allah, an ba ni?”

Ya kalli tsumman. Ya juya shi, ya sake juya shi.

“Ba ga ki nan ba, Yaya, a bakin ƙofa.”

“To alhamdu lillahi. Dama shagon nan ya ishe ni. Duk inda na juya marigayi nake gani a kan keken.”

Ta saki shagon. Ƙanenta da kansa ya nemo kura, ya ɗora kwalayen zare da keken marigayi, ya tura har gidanta. An jibge kayan a ɗakin da take kwana, sai ɗan wurin shimfiɗa ya rage. Ta ce ai na ɗan lokaci ne. Mai gyaran takalma shi ma ya bar wa wani rumfarsa. Wani mai gyaran rediyo ya ƙi tayin da ɗan'uwansa ya yi masa a wani gari.

Gini ya fara tashi a bayan katanga. Muna jin ƙarar injin kwaɓa siminti, muna ganin leburori suna shiga da fita, muna murna. Mai Fenti kaɗai ya rame. Matarsa ta ce min abinci ba ya shiga, sai ya zauna ya tasa kwano a gaba. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce warin fenti ne.

Mai Walda ne ya fara lura. Ya leƙa ta mashiga, ya dawo ya zauna a bencina, abin da ban taɓa gani ba, ba tsokana a bakinsa.

“Mai Agogo, ƙofofin can ba na mutane ba ne. Na motoci ne.”

Haka kuwa. Ginin ya tashi dogo, ba taga, ba ƙananan shaguna, sai manyan ƙofofin ƙarfe masu naɗewa sama. Da mutane suka matsa, aka sake kiran taro a makaranta. Mai Taswira ya zo ba takarda a hammata. Ya ce an sake nazarin shirin. Masana sun duba, sun ga tun bayan annoba mutane sun koma sayen kaya ta waya, don haka abin da yankin ya fi buƙata shi ne babban sito inda manyan motoci za su riƙa sauke kaya, kuma zai samar wa matasa aiki. Masu sana'a za a waiwaye su a zango na gaba. Yana magana yana kallon teburi.

Mai gyaran takalma ya miƙe. “To shagunanmu da aka ba mu fa?”

“Baba, ba a taɓa raba shago ba.”

“Ga mu nan a katanga!”

Matashin ya ɗago ya duba cikin jama'a, kamar mai neman wani. Wanda yake nema yana can kujerar baya, kansa a tsakanin gwiwoyinsa. Matashin yaron kirki ne, bai kira sunan kowa ba. Ya ce, “Laifin ofishinmu ne da ba mu yi bayani ba.” Amma an riga an bi idonsa.

Ba wanda ya zagi Mai Fenti. Da an zage shi, ina jin da ya fi masa sauƙi. Gaishe shi aka ci gaba da yi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, irin wadda ake yi wa baƙo. In ya iso inda ake hira sai a gyara masa wuri, hirar kuma ta mutu. Ya daina bin tsakiyar layi, ya koma zagayawa ta bayan shaguna, ta gefen kwata. Mai Walda kaɗai ke ɗaga murya in ya hango shi, “Injiniya, a taimaka a zana min mota mana, ƙafata ta gaji!” Ba mai dariya.

Yaya ba ta je taron ba, ƙafarta na ciwo. Matan da suka je suka kasa gaya mata. Kowa ya bar wa ƙanenta.

Sai Mai Taswira ya dawo da wani aikin: a shafe katangar da farin fenti, a rubuta sunan siton kafin ranar buɗewa. Ya ce in Baba ba ya so, a nemo wani. Mai Fenti ya ce shi ya ɓata, shi zai shafe. A ranar ce ya zo ya zauna a shagona ya gaya min duk abin da ya gudana tsakaninsa da matashin tun farko. Da zai tashi ya ce ya ɗaukar wa kansa abu ɗaya: ba zai shafe fuskar kowa ba sai ya je ya tsaya a gabansa ya gaya masa da bakinsa cewa shi ya sa shi a katanga, ba ofis ba, kuma ya sani ya yi shiru.

Aikin da bai fi na wuni ba sai ya ja makonni. Da safe ya je wurin mutum, da rana ya hau tsani. Mai aski ya saurare shi yana wasa aska, ya ce, “Ya wuce,” bai ɗago ba. Mai gyaran rediyo ya tashi ya shige ciki ya bar shi tsaye. Mai gyaran takalma, wanda yanzu a gindin bishiya yake aiki, ya ce, “Ai ka gan ni ina kuka ran nan.” Mai Fenti ya ce ya gani. Tsohon ya ce, “To,” ya ci gaba da ɗinkinsa. Mai Walda ya kashe injinsa, ya ture gilashi sama, ya daɗe yana kallon sa.

“Wallahi da wani ne da na ɗaga shi sama. Amma kai ko a hannu ba za ka cika ba. Je ka shafe ni. Ka fara da tumbin.”

Haka farin fenti ya riƙa cin katangar daga can ƙarshe yana matsowa wajen mashiga, mutum bayan mutum, har ya rage ƙofa ɗaya.

Ya roƙe ni in raka shi gidan Yaya, wai ko ganina zai ƙarfafa shi. Muka same ta a tsakar gida ta baje maɓallai a faranti tana ware su, manya gefe, ƙanana gefe. Ta ƙofar ɗakinta kana hango kwalaye har kusa da rufi. Ta yi mana maraba, ta kawo ruwa.

“Yaya, wata magana ce ta kawo ni.”

“Sha ruwa tukuna. Dubi wuyanka kamar na zakara. Matarka ba ta ba ka abinci ne?”

Ya sha. “Yaya, maganar shagon nan ce.”

“Yauwa, dama ina son tambayar ka. Labule shuɗi zan sa, ko ruwan ƙasa? Shuɗi ya fi dacewa da rumfar, amma yana saurin koɗewa. Mai Agogo, kai me ka gani?”

Na ce duka suna da kyau.

“Ka ji shi, kamar ɗan siyasa. Auta, miƙo min farantin can. Ka tuna lokacin da ka haɗiye maɓalli kana ƙarami, na wuni ina kuka, kai kana wasanka?”

Ta ja wannan labari, ta shiga wani. Duk lokacin da ya gyara zama ya ja numfashi, sai ta tuno wani abu, ko ta aike shi ya ɗauko mata wani abu a ɗaki. Muka fito bai faɗa ba. Ya koma shi kaɗai, ya sake komawa, kullum haka.

Ban ce ta sani ba. Amma asibitin da take zuwa awon jini, hanyarsa ta gaban mashigar ginin ta bi, kuma idonta ƙalau yake in ta sauko da tabarau. Na kuma lura ta fara jera zare a kan tire a ƙofar gida, wai don kada ya shaƙi ƙura a kwali. Yaran unguwa suna zuwa suna saya.

Manajan siton ya fara aiko mai gadi yana tambaya yaushe za a gama, ranar buɗewa ta matso. Mai Fenti ya rasa yadda zai yi. Wata safiya ya hau tsani ya shafe rumfar shuɗiya. Ya shafe kantar shagon, ya shafe jerin zaren, ya shafe ƙofar da ginshiƙanta. Ya ɗauko ƙaramin burushi ya bi gefen mayafinta a hankali, ya bi gefen hannunta, bai bari ɗigo ya taɓa ta ba. Da ya sauko ya ja baya ya duba, sai ga Yaya ita kaɗai a tsaye cikin farin bango, da tabarau da igiyar awo, ba shago a bayanta. Ina jin bai san haka zai fito ba sai da ya gani. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya danne murfin gwangwani da dunduniya, ya ce wa mai gadi a bar masa tsanin a nan, zai je ya ga yayarsa ya dawo ya ƙarasa.

Bai kai gidanta ba. A hanya jiri ya ɗebe shi, masu wucewa suka kai shi asibiti, aka ce jininsa ne ya hau. Ɓarin jikinsa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Yaya ce ta zauna a gefen gadonsa, tana ba shi ruwa da cokali. Na je duba shi na tarar yana ta ƙoƙarin haɗa wata kalma yana kallon ta, ita kuma a wannan karon ta yi shiru, ta sunkuyo da kunnenta daf da bakinsa tana jira. Ba abin da ya fito da za a gane. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Duk layin sun zo gaisuwa. Mai gyaran takalma ya zo, mai gyaran rediyo ma ya zo. Mai Walda ya zauna a ƙarshen tabarma yana ta goge fuska da hula, yana cewa hayaƙin walda ne ya lalata masa ido. Da mutane suka ragu na shiga in yi wa Yaya sallama. Ta ce in zauna.

“Mai Agogo, yaron nan ya yi ta zarya gidan nan da magana a bakinsa.”

Na ce na sani.

“Kullum ya buɗe baki sai in cusa masa ruwa. Na ga kamar in ya faɗa a gabana ba zai ƙara iya kallona ba.” Ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuskarta. “Ashe da na bar shi ya sauke.”

Na yi masa addu'a na fito.

An buɗe siton ba tare da an rubuta sunansa a katanga ba, ƙyalle suka buga suka rataya a saman mashiga. Manyan motoci suna shiga suna fita, kuma gaskiya wasu yaran layinmu sun sami aikin dako a ciki. Zango na gaba har yanzu muna jiran sa. Yaya tana sayar da zarenta a ƙofar gida, ta kuma sauya hanyar zuwa asibiti, ta bayan kasuwa take zagayawa duk da ciwon ƙafa.

Kwanaki manajan ya aiko mai gadi wurina, wai ko na san wani mai fenti da zai zo ya ƙarasa ɗan wurin da ya rage, aikin bai taka kara ya karya ba. Na ce zan tambaya. Tsanin yana nan jingine inda ya bar shi, gwangwanin yana ƙarƙashinsa, mai gadi ya ɗora masa bulo don kada iska ta kifar da shi.